Gwaggo Mai Gafaka Biyu

Wanda Ya ba mu aron Gwaggo Ya karɓi kayansa ranar Talata da hantsi, bayan an gama ɗaurin gero, ba mu da ta cewa sai miƙa wuya. Yau kwana arba'in ke nan. Na zauna in rubuta abin da na sani game da ita ne don na ga yadda ake mance mutum a ƙauyenmu. Shekarar farko a ce "marigayiya", ta biyu a ce "wata tsohuwa da ta zauna can bakin rijiya", ta uku a shuka wake a inda ɗakinta yake. Ni ɗan ƙanenta ne, kuma ban yarda a yi mata haka ba.

Ƙauyenmu yana gabas da Yekuwa, bai kai ko a yi masa kasuwa ba. Amma kwana uku cur inuwar tsamiyar ƙofar gida ta kasa mutane. Wasu a ƙasa, wasu bisa jakai, daga Dungas, daga Magarya, har da waɗanda suka ƙetaro iyaka daga ƙasar da Ingilishi ke mulki. Mafi yawansu ban san su ba, su ma ba su san juna ba.

Akwai wani tsohon soja da Faransawa suka taɓa kai shi yaƙi ƙetaren teku. Aka shimfiɗa masa tabarma, ya ƙi zama. Ya ce da ni, "Ɗana, damina biyu na yi a ɗaki bayan dawowata. Ko akuya ta ture ƙwarya sai in kwanta ƙasa in rufe kai. Matar nan ce ta fito da ni. Ba zan zauna a ƙofarta ba, tsaye zan yi mata." Haka ya tsaya har la'asar.

Wata Bafulatana mai tallar nono ta ajiye ƙwaryarta a tsakar gida ta yi ta kuka, mata suna ba ta baki. Ta ce su ƙyale ta, mai gidan nan ba ta taɓa hana ta kuka ba. Matan da suka yi wa gawar wanka kuwa suka aiko cewa tawadar da ke yatsunta biyu ta ƙi fita. Baffa Liman, wanda shi ne yayanta kuma yayan mahaifina, ya ce a bar ta, ta tafi da abinta. Shi ya yi mata salla.

Kakanmu malami ne, kuma cikin 'ya'yansa Gwaggo ce ta fi saurin ɗauka. Ya karantar da ita duk abin da ya karantar da Baffa. Ta yi aure, ta haifi huɗu, ta rufe huɗu, mijin ma ya bi su. Sai ta dawo gida ta yi ɗaki kusa da rijiya, tana matsar man gyaɗa tana toya ƙuli. Abin da ta samu, takarda take saye a Magarya. Tawada kuwa ita ke haɗa abarta da gawayi da ƙaro, alƙalami ta fiƙe shi da kara. In faɗi gaskiya, ba ta iya tuwo ba. Tana tuƙi tunaninta na wani wuri, sai ka tsinci gudaji kamar ƙwan zabo. In an yi mata magana ta ce, "Ci ka tashi, ba bikinka ake yi ba." Tana da kaifin harshe, kuma in ta kafe a kan magana ko jaki ya san ya samu yaya.

Gafaka biyu ne rataye a ɗakinta, kowace cike da warƙoƙin da ta rubuta da ajami. Ƙaramar ta masu ciwon zuciya ce. A ciki akwai ayoyi da addu'o'i, da kuma labarin mutanen da baƙin ciki ya kayar da yadda suka tashi, ba tare da ta ambaci sunan kowa ba. Babbar kuwa ta shekaru ce. Ta fara da abin da ta ji daga bakin kakanni, ta ɗora da abin da ta gani da idonta: shekarar da fara ta cinye gero, wanda ya haƙa rijiya ta biyu, waɗanda suka gudu ƙetaren iyaka da waɗanda suka dawo. Sarakuna ba su da yawa a ciki. Takan ce, "Masu tambari suna da maroƙa, su za su riƙe musu suna. Ni ina rubuta wanda ba shi da maroƙi." Na taɓa ganin inda ta rubuta zuwan Faransawa, ƙarƙashinsa ta bar fili fari. Na tambaye ta ko mantuwa ce. Ta ce, "Duk mai mulkin da na rubuta zuwansa, na rubuta tafiyarsa. Wannan ma na ajiye masa wuri."

Ba ta cewa mai baƙin ciki ya yi haƙuri a ranar farko, ko a ta biyu. "Haƙuri ba kunu ba ne da za a ɗura wa mutum," in ji ta. Sai dai ta tura maka faifan gyaɗa ta ce ka taya ta ɓara. In kana son rubutun sha, ta ce ka je wurin yayanta, shi ya iya. Nata na kunne ne.

Ni ma na zauna gaban faifan nan, ga kuma yadda aka yi.

Wata shekara, bayan girbi, gardi biyu, dogaran Faransawa masu jar dara, suka sauka gidan mai garinmu, suka ce Nasara na son mutane na aikin hanya. Aikin dole ne, ba a tambayarka. Mai gari ya zaɓa, ya sa ni da ƙanena, mu biyu daga ɗaki guda, alhali nasa ɗan ba a ko gan shi ba. Mahaifinmu ya riga ya rasu, babu mai tsaya mana. Aka kora mu arewa, wajen hanyar Damagaram, muna ɗaukar tsakuwa a kwando tun safe har rana ta yi gora. A wata na biyu atuni ya kama ƙanena. Ranar da aka ce a matsa gaba da zango, ya kasa tafiya. Na goya shi. Gardi ya zuba mini bulala ya ce in sauke, ba gawa aka aiko shi kora ba. Na kwantar da shi a gindin wata aduwa kusa da wani ƙauye, na ajiye masa gorar ruwana, na bi layi. Daga baya wani ya gaya mini ya cika.

Na dawo gida da ƙafafuna biyu, sai dai ban dawo da baki ba. Inna ta tambaye ni inda aka rufe shi, na kasa amsawa. Na daina zuwa masallaci, na daina zuwa gona, matata ta ajiye abinci ta ɗauke shi yadda yake.

Ranar da aka taru yi wa ƙanena addu'a a ƙofar gida, Baffa Liman ya yi wa'azi. Ya ce, "Jama'a, ku sani zamani gangara yake yi. Mutanen farko sun fi na bayansu, mu kuwa mun zo kasuwa ta watse. Nasara bulala ce da Allah Ya aiko saboda laifinmu. Wanda ta sauka a kansa, ya binciki kansa."

Sai muka ji murya daga bayan zana, inda mata suke.

"Yaya, wane laifi marigayin nan ya yi wanda ɗan mai gari bai yi ba?"

Mai gari yana zaune a sahun gaba, ya sunkuyar da kai.

Baffa ya ce, "Ke, cikin maza ake magana."

Ta ce, "Cikin maza ake yi, amma a kunnen uwarsa take sauka."

Ta lulluɓe, ta zo bakin ƙofar zana da babbar gafaka, ta zaro warƙa ta karanta. Ta karanta shekarar da mahara suka faɗa wa ƙauyen nan a zamanin kakan kakanmu, tun ba a taɓa ganin Bature ba, suka tafi da mutane a igiya. Ta karanta shekarar yunwar da aka ci ganye har itatuwa suka yi tsirara. Sannan ta ce, "Waɗannan su ne ka ce sun fi mu, ga shi bulala ta same su. Allah Yana jujjuya kwanaki ne, Yaya, bai yi shawara da ni ko da kai a kan dalili ba. Ka ce mu tuba, aikinka ne, mun ji. Amma kada ka hau buzun alƙali a kan gawar da ba ka ga inda ta faɗi ba."

Baffa ya ce in mutane ba su ga hannunsu a cikin masifa ba, ba za su taɓa gyarawa ba, kuma wanda ya hana su gani ya cuce su. Ya karkaɗe rigarsa ya tafi. Ban ce ba shi da tasa gaskiyar ba. Damina biyu suka yi ba sa magana. Amma kowace Juma'a sai ƙoƙon man gyaɗa ya tashi daga ɗakinta zuwa gidansa, ya dawo da goro biyu a ciki.

Kashegarin wannan faɗa ta zo har ɗakina ta ce, "Tashi, gyaɗa ta yi mini yawa." Na bi ta don ba a yi mata musu. Kwana tara ina zuwa da hantsi, ina ɓara, tana suya, ba ta ce mini uffan ba. A rana ta goma ta sauko da ƙaramar gafaka. Ta karanta ayoyi a hankali, sannan ta karanta labarin wata mata da ɗanta ke fama da zazzaɓi, ya riƙe mata zane ya ce kada ta tafi, ta ɓamɓare hannunsa ta je ɗibar ruwa, ta dawo ta tarar ya cika. Shekara guda matar nan ba ta iya kallon tulu.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Gwaggo, yaya ta ƙare?"

Ta ce, "Ga ta nan tana yi maka karatu."

Na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina goye. Ta bar ni, ta ci gaba da juya ƙuli a kasko. Da na lafa ta ce, "Ɗan ƙanena, ka ɗauka da ka tsaya da bai mutu ba. Ni ma haka na ɗauka. Wannan tunanin kama yake da nadama, amma a ƙarƙashinsa girman kai ne, don kana cewa rai a hannunka yake. Ba a hannunka yake ba. Abin da ke hannunka gorar ruwa ce, ka kuwa ba shi." Sai ta sauko da babbar gafaka, ta tsoma alƙalami, ta ce in faɗa mata komai: wanda ya zaɓe mu, ranar da muka tashi, abin da ake ba mu mu ci, sunayen waɗanda suka faɗi a hanya. Na faɗa, ta rubuta. Inda na yi sauri sai ta ce in koma baya.

Na ɗauka magana ta ƙare a nan. Bayan sati ta ce in ɗaura wa jakai biyu akumari, za mu je mu nemo aduwar. Inna ta ce tsohuwa kamarta ba ta iya wannan tafiya. Ta ce, "Ba ƙafata za ta yi ba, ta jaki ce." Kwana uku muka yi a hanya, muna yada zango a ƙauyuka, ƙafafunta suka kumbura ta ƙi a juya. Muka sami wurin. Wani dattijo a ƙauyen ya ce ya tuna, su ne suka yi sutura. Ya kai mu bayan aduwar ya nuna mana tudu uku.

Na ce, "Baba, wanne ne nawa?"

Ya ce, "Wallahi ɗana ban sani ba. Uku muka tsinta a wannan watan, babu wanda ya bar mana suna."

Na ce mun yi tafiyar banza. Gwaggo ta dube ni da idon nan nata ta ce, "Ka zo neman ɗaya, Allah Ya ba ka uku, kana ƙorafi? Sauran biyun su wa ke gare su? Ɗaga hannu." Muka yi musu addu'a su duka. Ta zauna a ƙasa ta tambayi dattijon kamannin kowannensu, tsagen fuska da irin rigar da ke jikinsa, ta rubuta. Shekara biyu tana tambayar fatake da baƙi, har ta gano dangin ɗaya a wani ƙauye kusa da Dungas, ta aika musu. Na ukun har ta rasu ba ta samu ba, kuma abin bai bar ranta ba. Ni dai da muka dawo na shiga masallaci, na ɗauki hauya.

Ita da Baffa ba wanda ya ba wani haƙuri. Idonsa ne ya fara dushewa, wata rana ya aiko a ce mata ta zo ta karanta masa wani babi. Ta je. Suka ci gaba da gardama a kan ko zamani gangara yake yi ko juyawa, har ƙarshen ranta, ba wanda ya sauka daga kan tasa.

Ciwon ajalinta bai daɗe ba. Ana saura kwana biyu ta sa na sauko mata da gafakun, ta ɗora mini a cinya. Ta ce, "Hannunka a rubutu kamar tafiyar kaza ne, amma ana ganewa. Kada ka ƙara wa kowa laifi, kada ka rage masa."

Ranar sadakar bakwai dattawan gida suka zauna a kan babbar gafaka. Suka ce ƙaramar ba komai, amma wannan wuta ce. Akwai aikin dole a ciki, akwai bulalar gardi, akwai sunan mai gari. In tafinta ya ji ya kai bariki, wa zai tsaya gaban kumandan Faransawa? Wani ya ce a ƙona, wani ya ce a wanke tawadar a zuba a rami. Na ce ba za a ƙona ba, in za a tafi da wani bariki ni za a tafi da shi, na san hanya. Aka ce ni ƙarami ne a wannan zama. Sai aka juya ga Baffa, kowa yana zaton zai huce tsohon haushinsa.

Ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce, "Shekara nawa ina gaya mata ta yi kuskure a fassara. Ban taɓa cewa ta yi ƙarya a labari ba. Ba a ƙona shaida." Ya sa aka raba warƙoƙin tsakanina da mutum biyu masu hannun rubutu, mu kwafa. Kwafi ɗaya zai zauna a nan, ɗaya a Dungas, ɗaya a ƙetare da shi wurin danginmu na ƙasar Ingilishi. Mun yi nisa, kuma ba za mu ajiye alƙalami ba sai mun kai warƙar ƙarshe.

Shekaranjiya da safe ina kwafi a gindin tsamiya sai ga mai gari, shi kaɗai, yana dogara sanda. Ya tsufa ƙwarai. Tun shekarar aikin hanya ban haɗa ido da shi ba. Na gaishe shi yadda ya kamata, na ba shi tabarma.

Ya ce, "An ce sunana na ciki."

Na ce, "Yana ciki, ranka ya daɗe."

"A goge shi. Ina da jikoki."

Na ce, "Ranka ya daɗe, in ƙarya aka rubuta ka nuna mini in goge yanzu. In ba ƙarya ba ce, ba zan taɓa shi ba."

Ya ce in karanta masa. Na karanta. Layi uku ne kawai, babu zagi a ciki: ranar da gardi suka zo, waɗanda aka zaɓa, da cewa an ɗauki biyu a ɗaki guda.

Sai ya ce, "Ba ƙarya ba ce. Amma bai cika ba. Tsoma alƙalaminka."

Na tsoma. Ya ce gardin sun gaya masa in rana ta faɗi mutane ba su cika ba, za su fasa rumbunan gari. Wannan gaskiya ne, in rubuta. Ya ce amma ba wannan ya sa ya ɗauki biyu a gidanmu ba. "Na duba gidan da babu uban da zai zo ya yi mini faɗa. Ɗana kuma a rumbu na ɓoye shi. Rubuta haka, kada ka gyara mini." Na rubuta, tawada ta ɗiga a gefen warƙar. Na karanta masa, ya ce haka ne.

Ya yunƙura zai tashi, sai ya tsaya ya ce, "Wurin da aka rufe shi, da nisa?"

Na ce kwana uku ne a jaki.

Ya ce, "Za ka kai ni?"

Ban ce masa na yafe ba, don ban kai can ba tukuna, kuma ba zan faɗi abin da babu shi a raina ba. Na ce masa dai zan kai shi. Ranar Asabar za mu kama hanya.

Allah Ya yalwata wa Gwaggo makwanci, Ya haskaka shi, Ya haɗa ta da 'ya'yanta huɗu a inda ba a rabuwa. Wanda wannan takarda ta iso hannunsa, ya sa ta a addu'a, ita da mutum ukun da ke kwance bayan aduwa.